Ladabin Surukina Ya Kayar da Ni a Jarrabawar Sauraro

Hajiya Aziza, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke raina ya kai inda ba ni da wanda zan faɗa wa a gida ba tare da an ce na cika riƙo ba. Ki sakaya sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ni ko kin sakaya, amma dai ki sakaya.

Ni nas ce a wani asibiti mai zaman kansa a Abakpa, gidanmu kuma yana Unguwar Kanawa. Na haura shekara ashirin a wannan aiki. Yaran da na kama hannunsu na koya musu yadda ake nemo jijiya a hannun jariri, yau da yawansu suna Ingila, suna turo mini hotuna cikin manyan rigunan sanyi suna tambayar yaushe zan taho. Maigidana ya yi ritaya, idonsa ya fara rauni, ƙananan yaranmu biyu, Jamilu da Hafsat, suna makaranta, albashina kuwa kin san yadda yake a ƙasar nan. Shi ya sa na ce ni ma bari in gwada kafin ƙarfina ya ƙare. Na nema, kuma Allah Ya sa wani asibiti a can ya ce yana so na, da sharaɗin in kawo sakamakon jarrabawar Turancin da suke nema.

Jarrabawar kashi huɗu ce: karatu, rubutu, magana da sauraro. Uku na farkon ban ji tsoronsu ba. Rahoton marasa lafiya da na rubuta da Turanci a rayuwata, in aka tara shi, zai cika ɗaki. Sauraron ma na ɗauka wasa ne, ni da nake jin likitoci suna zuba Turanci tun safe har yamma. Ashe a nan zan sha ƙasa.

Ina da 'yar fari, kin san ba zan iya faɗin sunanta ba. Bara aka yi mata aure da wani malamin Turanci da ke koyarwa a wata sakandare wajen Kawo, suna zaune a Hayin Banki. Shi ma bari in kira shi Malamin kawai. Da yamma yana koya wa masu shirin wannan jarrabawa, kuma ana yabonsa, an ce ɗalibansa suna ci. Maigidana ne ya kawo shawarar cewa ga malami a gida, me zai sa in je in zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Na ce masa suruki ne fa. Ya ce ai ilimi ba ruwansa da surukuta. Na bi maganarsa, kuma yau shi ne kan gaba wajen cewa ni ce mai laifi.

Ga yadda muka tsara. Asabar da Lahadi bayan la'asar zai zo da matarsa. Tun a zaure yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zauna a tabarma a baranda, ni ina cikin falo, labule a tsakaninmu. Ya ajiye 'yar ƙaramar sifika a bakin ƙofa, ya kunna sautin daga wayarsa. Yarinyar ce ke miƙo mini takardar tambayoyi, in na gama ta mayar masa. Ya tafi da ita gida ya duba, mako mai zuwa a dawo mini da ita da maki. Wata da watanni muna haka, ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba, kuma a lokacin na ɗauka wannan abin alfahari ne. Har a wurin aiki nakan ce Allah Ya ba ni suruki mai kunya.

Ban sani ba ko kin san yadda tambayoyin sauraron suke, don haka bari in gaya miki, domin a nan cutar take. Akwai na cike gurbi. Za ki ji mutum ya buga waya yana neman ɗakin haya ko yana son shiga wata ƙungiya, ke kuma ki cike suna, rana, lambar waya, unguwa. Mugun abin shi ne Baturen ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Zai ce Talata, ki rubuta Talata, sai can ya ce af, ya tuna yana da wani uzuri, a mayar Alhamis. Ni kuwa a wurin aiki abin da likita ya faɗa shi nake rubutawa nan take, ban saba da mai sauya magana a tsakiyar jimla ba. To duk lokacin da aka zo irin wannan wuri, sai in ji Malamin ya yi gyaran murya a bayan labule. Ban san yana sane ko ba ya sane ba. Ni dai kunnena ya koyi cewa in ya yi gyaran murya, in goge in jira. Ashe ba Baturen nake saurare ba duk tsawon lokacin nan, maƙogwaron surukina nake saurare.

Akwai na canki-canka, a ba ki amsa uku ki zaɓi ɗaya. Duk ukun sai an ambace su a cikin maganar, don mugunta. In na rikice sai in yi tsaki. Da ya ji tsakina sai ya tsayar da sautin, ya ce wai waya ce ta katse, ya mayar baya. Kullum waya tana katsewa daidai inda na ɓata, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Haka ma na haɗa wannan da wancan, inda ake jero sunayen mutane a gefe ɗaya da ra'ayoyinsu a ɗaya gefen, ɗalibai uku suna gardama da malaminsu kowa yana katse kowa. Wannan sai mun ji shi sau uku kafin in miƙa takarda. Na san an ce a ainihin jarrabawar sau ɗaya ake kunnawa. Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya faɗa ne ƙasa-ƙasa, ya haɗa da cewa Mama ai in ta saba ba za ta buƙaci maimaici ba.

Sai na taswira. Hajiya, ni in kika sauke ni a Kawo da ido a rufe zan kai ki Abakpa. Zan ce ki wuce gidan mai, ki bar masallaci a hannun dama, in kin ga mai tsire ki karya kwana. Haka muke kwatance, haka iyayenmu suka yi. Amma a ba ni zanen wani lambu ko ɗakin karatu kamar tsuntsu ne ya hango shi daga sama, da haruffa a warwatse, wata mata tana sauri tana cewa ki bi nan ki juya can, ni kuma in gano wane harafi ne wurin shan shayi, wannan kaina bai taɓa ɗauka ba. Ranar farko da ya kawo irinta na mayar da takardar, na ce wa yarinyar ta gaya masa ni aikin jinya zan je yi, ba tuƙin tasi ba. Tun daga ranar bai sake kawo taswira ba. Na ɗauka ya duba ne ya ga ba ta cika fitowa ba.

Kashi na ƙarshe na sauraron lakca ce, mutum ɗaya yana magana ba tsayawa, ke kina ƙarasa jimloli, kuma an ƙayyade miki kada ki wuce kalma ɗaya ko biyu. Ni an tarbiyyantar da ni cewa in babba yana magana a nutsu a ji shi har ya dasa aya, sannan a motsa. Sai in naɗe hannu in saurari lakcar tsaf, in fahimce ta sarai, in an gama in ɗauki fensir. A barandar gidana wannan ya yi aiki, domin Malamin yana jira har in ce na gama. Bai taɓa ce mini lokaci ya cika ba.

Takarduna kuwa suna dawowa da maki mai kyau. Ba jan biro ko ɗaya. Inda na kuskure sai ɗan ɗigo da fensir, ƙarami kamar ƙwayar gero, yarinyar ta ce wai ya ce Mama ta kusa. Da wannan ƙarfin gwiwar na biya kuɗin jarrabawa, kuɗin da kin san ba na wasa ba ne. Da shi na gaya wa 'yan'uwana na Zariya. Da shi na ba ƙanwata keken ɗinkina, na ce ni ba zan ƙara buƙatarsa ba. Matan layinmu suka fara kirana 'Yar Landan, ina amsawa baki har kunne.

Ranar jarrabawa aka sa mana abin ji a kunne, wanda ban taɓa gwada karatu da shi ba. Murya ta fara. Tambaya ta uku matar ta faɗi wata rana, na rubuta, na jira gyaran murya, ba wanda ya yi. Kafin in ankara ta sauya, ta wuce, tana kan tambaya ta shida. Na yi tsaki da ƙarfi har yaron da ke kusa da ni ya waiwayo, sautin bai tsaya ba. Na juya shafi, sai ga taswira, cikakkiya, tambaya biyar a kanta. Gumi ya karyo mini a ɗakin da ake kukan sanyin na'ura. Na zauna ina kallon zanen nan, matar tana ta zagaya da mutane cikin lambu, ni ko ƙofar shiga ban gano ba. Lakcar ƙarshe a kan kiwon zuma ce. Wallahi na fahimce ta, yau ma zan iya ba ki labarinta. Amma da mutumin ya yi shiru na ɗauki fensir, gurbi goma suna kallona, kalmomin da ya yi amfani da su sun bi iska.

Sakamako ya fito. Karatu, rubutu da magana duk na haye. A sauraro maki bakwai cikin tara ake nema, na samu biyar da rabi.

Akwai wata yarinya a wurin aikinmu, Precious, 'yar Kagoro, ni na horar da ita. Ta ci tata jarrabawar, biza take jira. Bakinta ba linzami, shi ya sa ban cika sakar mata fuska ba. Tun da farko ta taɓa ce mini yadda nake karatun nan ba haka ake yi ba, na ce mata surukina malamin Turanci ne, ita kuma fa? Bayan sakamakon, lokacin hutun cin abinci, ta zaunar da ni a ɗakin canza kaya, ta cusa mini abin ji a kunne, ta kunna cikakkiyar jarrabawa sau ɗaya, ta tsaya a kaina da agogo. Ta duba da jan biro a gabana. Ko rabi ban samu ba. Ta ce wanda ya ba ni makin da nake faɗa, ko dai bai iya lissafi ba ko yana tsorona.

Da na koma gida na kira yarinyar tawa na titsiye ta. Ta fashe da kuka. Ta ce tun makon farko Malamin ya gaya mata akwai matsala, ya ce ta faɗa mini, ita kuma ta kasa. Ta ce duk amsar da ta yi kusa yana ba ni ita, domin hannunsa ba zai iya sa wa surukarsa kuros ba. Ta ce da na ce zan biya kuɗin jarrabawa ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, ya shirya zai roƙe ni in ɗaga, ya zo har baranda, ya gaishe ni, ya kasa, ya tashi ya tafi. Ta faɗa mini wannan ne don in tausaya masa. Ni kuwa a nan raina ya gama ɓaci. Wato ya sani. Yana kallo na ba da kekena, yana jin ana kirana 'Yar Landan, ya san ramin da zan faɗa, ya durƙusa ya ce Allah Ya ba Mama sa'a. Ɗaliban da suke biyansa yana gaya musu gaskiya su ci. Ni da na ba shi 'ya, ni ya zaɓa ya yi wa ladabi.

Tun daga ranar ban amsa gaisuwarsa ba. Yana zuwa, ya durƙusa a inda ya saba, ni kuma in shiga kicin in buɗe famfo har ya gaji ya tafi. Maigidana ya ce ina zubar da girmana, wai yaron kara ya yi mini. Karar da ta sa yau in na fito layi matan nan suke tambayata, da fuskar tausayi, ko an ɗaga tafiyar ne? Karar da ta sa nake karɓar umarni a wurin aiki daga yarinyar da na koya wa sa safar hannu? Ina jin zafin abin nan har cikin ƙashina, kuma ban ga wanda ya damu da nawa zafin ba, kowa ta yaron yake yi.

Ga inda nake yanzu. Asibitin can sun ce za su jira ni zuwa bayan Babbar Sallah, in ban kawo sakamako ba su ba wani gurbin. Sau ɗaya ya rage mini in zauna, ba ni da halin na uku, kuma a shekaruna ba na jin za a sake kirana. Malamin ya aiko ta bakin maigidana cewa yana so mu ci gaba, wai wannan karon zai gyara. Precious ta ce za ta koya mini kafin ta tafi, amma ina jin nauyin in zauna yarinya tana yi mini tsawa. Ita kuma yarinyar tawa cikinta ya tsufa, haihuwar fari, a al'ada ni ya kamata in aika a ɗauko ta ta haihu a gabana, har yau ban aika ba, domin in ta zo shi ma zai riƙa zuwa.

Hajiya, ki gaya mini yadda mace irina za ta ci waɗannan tambayoyi a ɗan lokacin da ya rage. Ki kuma gaya mini gaskiya, ashe ba cutata yaron nan ya yi ba?

Taki,
Nas mai takaici, Unguwar Kanawa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

E, ya cuce ki. Na fara da wannan ne domin na ga ba wanda ya faɗa miki a gida, kuma kina da haƙƙin ki ji. Malami ne, ya san yadda jarrabawar take, ya san abin da kika ɗora a kanta. In ya ga ba zai iya gyara ki ba, da sai ya je wurin maigidanki tun makon farko ya ce nauyi ya hana shi, a nemo wani. Wannan hanya a buɗe take, ba ta saɓa wa kunya ba, bai bi ta ba. Ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi a kowace Asabar, ke kika biya a ranar jarrabawa. Takaicinki yana bisa gaskiya.

Amma kin ce in gaya miki gaskiya, to ga sauranta. Ki sake karanta wasiƙarki. Ya kawo taswira, kin mayar da ita da baƙar magana, ta bakin matarsa. Ya ce sau ɗaya ake kunnawa, kin ji, kin bar shi yana maimaitawa domin hakan ya fi miki daɗi. Precious ta yi miki gargaɗi tun da wuri, kin rufe mata baki. Yaron da bai cika shekara da auren 'yarki ba, yana zaune a tabarma a bayan labule, yana jin tsakinki, da wane baki zai ce Mama kin faɗi? 'Yar da kika haifa ma ta kasa. Ke ƙwararriya ce a aikinki, kin saba ke ke gyara mutane, kuma na fahimci ba a saba gyara ki ba. Shi ma maigidan da ya haɗa wannan tsari yana da nasa kason, domin ya san surukuta sarai ya ce ba ruwanta da ilimi.

Yanzu maganar jarrabawa, wadda ita ce ke da wa'adi. Kada ki koma wurinsa karatu. Ko ya rantse zai gyara, hannun da ya kasa jiya zai sake kasawa gobe, kuma ba ki da lokacin gwaji. Ki je wurin Precious. Ki haɗiye nauyin. Yarinyar da ta ba da hutun cin abincinta ta tsaya a kanki da agogo tana ƙaunarki ne, kuma rashin linzamin bakinta shi ne maganin da kike buƙata. Ki ce mata tun farko kin ba ta izini, kada ta raga miki.

Turancinki ba shi da matsala, wadda ta haye kashi uku ba Turanci ta rasa ba. Hanyar aiki ce za ki sauya. Daga yau kowane gwaji da abin ji a kunne, sau ɗaya, ba tsayarwa, ko da kin ɓata tun a tambaya ta biyu. Ɗan lokacin da ake bayarwa kafin kowane kashi ya fara, ki karanta tambayoyin da ke gaba, ki ja layi a ƙarƙashin manyan kalmomi, ki ƙiyasta abin da gurbin ke nema, ko suna ne, ko lamba, ko wuri. Fensir ya zauna a hannunki tun daga farko har ƙarshe. Tarbiyyar jiran babba ya gama magana tana da kyau a zaure, amma a wannan ɗaki ana rubutu ne mutum yana magana, kamar yadda kike yi in likita yana zagayen marasa lafiya kina biye da shi da fayil. Kin iya wannan tun tuni.

A na cike gurbi, ki rubuta abin da kika fara ji a hankali, kunnenki a buɗe har mai maganar ya bar zancen, domin sauya magana da gangan ake sa shi. A na canki-canka kada ki zaɓi amsa don kawai kin ji kalmarta, tunda duk za a ambata. Ki nemi wadda ma'anarta ta dace da inda mai maganar ya tsaya, sau da yawa da wasu kalmomi daban zai faɗe ta. A na haɗawa ki fara rarrabe muryoyin, ki san wa ke magana, sannan ki bi abin da kowa ya ƙare a kai bayan gardamar. A lakca tambayoyin suna bin tsarin maganar ne, don haka ki ɗora yatsa a kan gurbin da ake kai. In ɗaya ya wuce ki, ki bar shi ya tafi, ki kama na gaba. Bin wanda ya wuce shi ne ya cinye miki uku a baya. Kuma ki kiyaye adadin kalmomin da aka ƙayyade.

Taswira kuwa, ita za ki fi ba lokaci, tunda ita kika fi ƙi. Ki fara da wurin da kika sani. Ki zana asibitinku a takarda, ƙofa, ɗakin magani, ɗakin haihuwa, wurin karɓar kati. Precious ta riƙa yi miki kwatance da Turanci, ke kina bi da bakin fensir. In kin saba, ku koma na jarrabawa. Abu na farko kullum shi ne ki nemo inda aka ce kina tsaye, ki ɗora fensir a wurin, ki tafi da shi duk inda muryar ta ce. Matar da za ta kai mutum Abakpa daga Kawo da baki ba za ta gagara zagaya lambu a takarda ba. Ki kuma tambayi inda kika yi rajista da asibitin can ko za su yarda ki sake kashin sauraro shi kaɗai, domin a wasu wuraren ana yin haka. Kada ki sa ranar zama sai kin ga makin da ake nema ya fito a hannun Precious sau da dama a jere. Ba zan yi miki alkawarin za ki ci ba, an riga an yi miki irin wannan alkawari. Amma tazarar da ke tsakaninki da bakwai ana rufe ta in an yi aikin gaskiya.

Sai maganar gida. Ki aika a ɗauko 'yarki a cikin makon nan. Ke nas ce, kin fi ni sanin abin da damuwa ke yi wa mai tsohon ciki, kuma yarinyar nan tana kwana tsakanin fushin uwa da kunyar miji a kan laifin da rabinsa tsoronki ne. In Malamin ya zo gaisuwa ki rufe famfo ki amsa. Ba sai kin ce kin yafe ba in zuciyarki ba ta kai nan ba tukuna. Amma ki sa maigidanki ya zauna, ki gaya wa yaron da bakinki, ko ta bayan labulen ne, cewa abin da ya ƙona miki rai ba faɗuwar ba ce, ɓoyewar ce, kuma daga yau in ya ga abin da ba daidai ba ya faɗa, ba za ki riƙe shi ba. In yana son ya gyara, ya tattaro duk gwaje-gwajen da yake ba ɗalibansa, har da na taswira, ya aika wa Precious.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan wannan. In Allah Ya sa kin ci, za ki hau jirgi ki bar 'yarki da jaririnta a Hayin Banki, ki bar maigida mai raunin ido da yara biyu a Unguwar Kanawa, kuma babban namijin da zai riƙa leƙa su shi ne wannan yaron. Shi za ki kira daga can ki tambaya yaya jikin jariri, yaya idon Baba. In kin tafi kin bar shi yadda yake yau, duk ranar da kika kira zai durƙusa da waya a kunne ya ce miki kowa lafiya lau, ke kuma ba za ki taɓa sanin ko gaskiya ne ba.

Allah Ya sauki 'yarki lafiya, Ya ba ki sa'ar wannan zama, Ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Aziza